Yaya Sabon Gari ta Kano ta samo asali, kuma za ta yi wa mai neman haya?

Malam, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulki suka keɓe fili a wajen ganuwa domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, har da mutanen Gana da Saliyo. Shi ya sa titunanta suke miƙe layi-layi, ba lungunan cikin birni ba. Yau tana ƙaramar hukumar Fagge, Ibo da Yarbawa sun fi yawa, ga coci-coci, ga kasuwar Abubakar Rimi.

Batun haya kuwa, gidaje da yawa tsofaffi ne, ɗaki-ɗaki, banɗaki na haɗaka. Ka je dubawa da damina, don leda kan toshe kwatoci ruwa ya kwanta. Duba gindin bango ko ya jiƙe ya fara zubar da siminti, ka tambayi maƙwabta inda suke samun ruwa.