Amsa kan ƙorafin 'yan Latino a Hollywood

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ga su Jennifer Lopez da Salma Hayek suna tashe, ga daraktocin Meksiko suna kwasar Oscar, ga tashar Telemundo da muke kallo a DStv cike da su, to wace wariya ce kuma 'yan Latino, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka irin su Meksiko, suke kuka da ita a Hollywood, ko dai ƙoshi ne ya yi musu yawa? Ki yi haƙuri, tawa amsar za ta yi tsawo. Na yi shekaru a Los Angeles, kuma aikin da ya riƙe ni a can na wani kamfani ne mai kai abinci lokeshan inda ake ɗaukar fim.

Ki fara ajiye Telemundo a gefe. Tasha ce ta masu jin Sifaniyanci, cibiyarta a Miami, kasuwarta daban. Kukan da ake yi a kan finafinan Turanci ne na manyan kamfanoni, waɗanda duniya ke kallo ta ce ga yadda Amurka take.

A ƙidayar 2020, 'yan Latino sun kai miliyan 62 a Amurka, kusan kashi 19 cikin 100. A gundumar Los Angeles kuwa, inda Hollywood ɗin take, sun kusa rabin jama'a. Amma da masu bincike na jami'ar USC suka duba manyan finafinai 1,200 da suka fito daga 2007 zuwa 2018, sai suka tarar kashi 4.5 ne kacal na masu magana a cikinsu 'yan Latino, masu jan ragamar fim kuwa kashi 3. Ga shi kuma su ne ke sayen kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tikitin sinima.

Wannan lissafin ban buƙaci takarda ba kafin in san shi. In kin isa lokeshan da asuba, masu kafa rumfa da masu wanke tukwane da masu kwashe shara, duk Sifaniyanci za ki ji suna yi. Rana na ɗagawa, a kunna fitilu, masu zama kan kujerun nan da aka rubuta wa suna a baya su iso, sai yaren ya ɗauke ɗif. Mu a kicin muna dafa abincin Meksiko, kowa na santi, amma da wuya ki ga ɗan Meksiko cikin masu cewa a ɗauka ko a yanke.

Akwai wani saurayi da muke aiki tare, haifaffen gabashin Los Angeles, iyayensa ne suka zo daga Meksiko. Turancinsa ya fi Sifaniyancinsa nisa, kakarsa ma tsiya take masa a kai. Ya yi karatun wasan kwaikwayo, yana aikin kicin yana zuwa tantancewa. Duk sanda ya dawo muka tambaye shi yaya, amsar kusan ɗaya ce: sun ce ya karya harshe. Wato ya yi Turanci irin na wanda ya tsallako iyaka jiya. Ranar da ya samu fitowa a wani shiri mai dogon zango, ya nuna mana hoton a waya. An aske masa kai ƙwal, an manna masa zanen ƙarya tun daga wuya har bayan hannu, an ɗaura masa ƙyalle a goshi. Maganarsa a fim ɗin ba ta wuce jimla biyu ba aka harbe shi. Yana dariya yake nunawa, don kuɗin sun biya masa haya, amma ya ce mahaifiyarsa ta ƙi kallo.

Ke da kika san yadda finafinan kudu suka daɗe suna fito da Bahaushe, maigadi da rediyo a kunne ana masa "aboki", ai ba sai na ja miki ba. Ba wanda zai ce ba a sa mu a fim, amma a wane matsayi? Haka nasu yake: ɗan daba, dillalin ƙwaya, 'yar aiki, mai yankan ciyawa, ko mace mai zafin kai da aka kawo don jikinta. Binciken nan na USC ya ce kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Latino da suka yi magana a manyan finafinai 200 na 2017 da 2018, masu laifi aka fito da su. Marigayiya Lupe Ontiveros, haifaffiyar El Paso a Texas, mai digiri, wadda ta yi aikin kula da jin daɗin jama'a kafin ta shiga fim, da bakinta ta ce ta fito a 'yar aiki fiye da sau 150. Ta rasu a 2012, kuma da aka zo nuna hotunan mamatan shekara a bikin Oscar na 2013, ba a sa nata ba.

Abin ya samo asali tun zamanin finafinan da ba su da murya. Yadda ake nuna ɗan Meksiko a matsayin ƙazamin ɗan fashi ya kai har gwamnatin ƙasar ta tashi tsaye a 1922, ta ce za ta hana shigo da finafinan duk kamfanin da ya ci zarafin mutanenta. Daga baya sai salo ya sauya: in rawar mai kyau ce, a ba Bature a shafa masa hoda mai duhu. A fim ɗin Viva Zapata! na 1952, Marlon Brando aka ba rawar gwarzon juyin juya halin Meksiko, shi kuwa Anthony Quinn da aka haifa a Chihuahua aka ba shi ta ɗan'uwansa. Quinn ɗin ne ya ci Oscar a fim ɗin, ba Brando ba. Wasu kuma sunansu suka ɓoye don su samu shiga. Martin Sheen sunansa na yanka Ramón Estévez, Raquel Welch kuma Tejada ne sunan mahaifinta, mutumin Bolibiya.

Labarin da ya fi tsaya min shi ne na Rita Moreno. 'Yar Puerto Rico ce ta haihuwa, amma a fim ɗin West Side Story na 1961 sai da aka ƙara mata duhu da kwalliya don ta yi kama da 'yar Puerto Rico irin wadda ke cikin kan masu fim ɗin, babbar rawar kuma aka ba Natalie Wood. Moreno ta ci Oscar a 1962. Kowa zai zaci ƙofa ta buɗe, sai ga shi abin da ake ta kawo mata bai wuce budurwar ɗan daba ba, har ta yi kusan shekara bakwai ba ta yi fim ba. Kuma har zuwa bikin 2025, ba 'yar Latino ko ɗaya da ta taɓa cin Oscar na babbar jaruma.

Daraktocin da kika ambata gaskiya ne. Alfonso Cuarón da Alejandro González Iñárritu da Guillermo del Toro sun ɗauki kyautar gwarzon darakta sau biyar cikin shida tsakanin 2014 da 2019. Sai dai duk ukun a Meksiko suka tashi, a can suka koyi sana'ar suka yi suna, Hollywood ta same su a dafe. Nasararsu ba ta ce komai ba game da yaron da aka haifa a Texas ko unguwar Bronx ta New York yana neman wanda zai karanta labarinsa.

Wani ɓangaren da su kansu ba sa son a taɓo shi ne wariyar cikin gida. Ki lura da Telemundon nan da kyau: masu kuɗi da masoya farare sol, wasu har da koren ido, mai duhun fata kuwa tana kicin da tsintsiya. Da Yalitza Aparicio, 'yar asalin ƙabilun jihar Oaxaca ta Meksiko, ta shiga takarar Oscar a 2019, zagin da ya fi muni daga 'yan ƙasarta ya fito. A 2021 ma Lin-Manuel Miranda, marubucin waƙoƙin fim, sai da ya fito ya ba da haƙuri, bayan an yi ca a kan fim ɗinsa In the Heights, wanda aka gina a kan unguwar 'yan Dominika a New York amma baƙaƙen 'yan Latino ba su samu manyan rawa ba. A kicin ɗinmu ma na ga irin haka, mai hasken fata shi ake turawa gaban tebur ya zuba wa manya abinci.

Na ga wani ɗan'uwa ya ce wannan duk harka ce ta kasuwa, abin da ke kawo kuɗi shi ake yi. Da ƙamshin gaskiya a maganarsa, don ba 'yan Latino kaɗai ake soke wa shiri ba. Lokacin da Warner Bros. ta jingine fim ɗin Batgirl a 2022, bayan an kashe kusan dala miliyan 90 kuma Leslie Grace, 'yar Latino, ce jarumar, lissafin kuɗi suka kawo hujja. Amma wa ke yin lissafin? Rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka na 2021, wanda ɗan majalisa Joaquin Castro ya nema, ya nuna 'yan Latino kashi 12 ne na ma'aikatan kafafen watsa labarai da nishaɗi, alhali su ne kashi 18 na ma'aikatan ƙasar baki ɗaya, kuma ana hawa sama suna ƙara raguwa. In ba naka a ɗakin da ake yanke shawara, shirinka ɗaya ya faɗi sai a ce irin labarinku ne ba ya sayuwa, na wasu kuwa goma za su faɗi a ce tsautsayi ne, a sake zuba kuɗi. Malam, in kasuwa ce zalla, Coco na 2017, labarin wani yaro a ƙauyen Meksiko da 'yan Latino suka yi muryoyinsa, ya kawo sama da dala miliyan 800, amma shekara biyu bayan haka Netflix ta soke One Day at a Time, shiri kan wani iyalin 'yan Latino, bayan zango uku, masu kallo suna ta roƙon a bar musu shi.