Me ya sa wanda aka ce shi jama'a ke so yake shan ƙasa a zaɓen fid da gwani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, da fatan kana lafiya. Ni mai bin labaran siyasar Amurka ne a rediyo da waya, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Duk lokacin zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa sai ka ji ana cewa an ji ra'ayin jama'a, wane ne a gaba da kashi kaza, wane ya ba wane rata, amma in an zo zaɓen sai ka ga wani can daban ya yi awon gaba da tikitin. Shin masu jin ra'ayin ne suke shirga ƙarya ko mutanen ne ba sa faɗin abin da ke ransu? Sannan mu nan Najeriya ra'ayin namu yana da wani tasiri kuwa a firamare? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Galibi dai ba ƙarya ba ce, daga ɓangaren masu tambayar har masu ba da amsar. Matsalar ita ce ra'ayin mutum a zaɓen fid da gwani ba shi da turke. A babban zaɓe ɗan Democrat ya san gidansu, ɗan Republican ma haka, ko da ɗan takarar bai kwanta masa ba zai daure ya dangwala wa jam'iyyarsa. To a firamare duk 'yan gida ɗaya ne ke takara, tuta ɗaya, manufofin ma kusan iri ɗaya, don haka mutum zai iya kwana yana son wane ya wayi gari ya koma wajen wane kuma bai ji ya ci amanar kowa ba.

Fara da ƙuri'ar jin ra'ayin da ake yi saura shekara guda zaɓe. Wannan kam yawanci suna take aunawa, wa aka fi sani. Ka ɗauka an bugo wa wata mata waya tana tsakar aikin gida, an jero mata sunaye goma sha biyu an ce wa za ki zaɓa, ita kuwa uku kawai ta taɓa ji a ciki, ai ɗaya daga cikin ukun za ta ambata don a kyale ta. A 2007 Rudy Giuliani tsohon magajin garin New York shi ne ya shafe watanni a saman jerin 'yan Republican saboda kowa ya san shi tun harin 11 ga Satumban 2001, Hillary Clinton kuma tana gaba da rata mai yawa a Democrat. Da aka zo 2008 Giuliani ko jiha ɗaya bai ci ba, ya janye bayan zaɓen jihar Florida, John McCain ya ɗauki tikiti, can kuma Barack Obama ya kayar da Hillary. Haka Howard Dean na Democrat a 2004, ana ta cewa ya gama da kowa, aka je Iowa, jihar da aka fara zaɓen, ya zo na uku, John Kerry ya wuce.

Sai kuma batun waye ma zai fito ya yi zaɓen, nan ne masu wannan sana'a suka fi shan wahala. Mutanen da ke fitowa firamare ba su kai na babban zaɓe ba ko kusa, kuma kowace jiha da dokarta. A New York da Florida sai wanda ya yi rajista da jam'iyyar ne zai jefa ƙuri'a a firamarenta. A Michigan da Carolina ta Kudu ƙofa a buɗe take, kowane mai zaɓe zai iya zuwa ya ce ta wannan jam'iyyar yake so. A New Hampshire 'yan ba-ruwanmu, wato waɗanda ba su yi rajista da kowace jam'iyya ba, suna da damar shiga ta kowane ɓangare ranar zaɓe. Dole mai bincike ya yi hasashen irin mutanen da za su fito, matasa nawa, tsofaffi nawa, baƙar fata nawa, in hasashen ya karkace lissafin gaba ɗaya ya karkace. Abin da ya faru a Michigan ke nan a watan Maris na 2016, aka yi ta cewa Hillary ta ba Bernie Sanders ratar kusan kashi 20, da aka ƙirga Sanders ne ya ci da ɗan ƙaramin rinjaye, matasa da 'yan ba-ruwanmu suka yi masa ruwan ƙuri'u. Ko a New Hampshire a 2008, bayan Obama ya ci Iowa kusan duk masu jin ra'ayi sun ba shi jihar, kwana biyar tsakani Hillary ta cinye.

Kar ka manta da kuskuren lissafi na yau da kullum ma. In mutum 1,000 aka tambaya, sakamakon zai iya yin sama ko ƙasa da kusan kashi 3, in 400 ne kuwa kusan kashi 5, kuma da yawan binciken da ake yi a jiha ɗaya 'yan ɗaruruwa ne kawai. Saboda haka in ka ji an ce wane na da 24 wane na da 21, gaskiyar magana kunnen doki ne, 'yan jarida ne kawai ke son kanun labari mai cewa wani ya sha gaban wani.

Amma abin da ni na fi ba muhimmanci, wanda kuma nake ganin shi ne ainihin amsar tambayarka, shi ne mai zaɓe a firamare tambaya biyu ce a ransa: wa nake so, da kuma wa zai iya kayar mana da abokin hamayya. Ta biyun nan ba daga zuciyarsa take fitowa ba, leƙen sauran mutane yake yi ya ga ina suka dosa. Shi ya sa sakamakon jiha ɗaya yake juya ra'ayin ƙasa gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki, tunda ba rana ɗaya suke yin zaɓen ba, jiha-jiha ake bi tsawon watanni.

Babu misalin da ya kai na 2020. 'Yan Democrat a lokacin babban burinsu a fitar da Donald Trump daga Fadar White House, ko waye zai yi musu aikin. Aka fara da Iowa ranar 3 ga Fabrairu, kuma irin zaɓen da ake yi a can a lokacin ma abin kallo ne, sai ka ce ƙato-bayan-ƙato namu. Da ƙarfe bakwai na dare cikin tsananin sanyi mutanen unguwa za su taru a zauren wasannin makaranta ko coci ko laburare, magoya bayan kowane ɗan takara su ware kusurwa guda su tsaya, a ƙirga kawuna, duk wanda rukuninsa bai kai kashi 15 na mutanen zauren ba an rushe rukunin, sai ka ga maƙwabci yana janyo hannun maƙwabcinsa yana lallashi ya dawo tasu kusurwar, a sake ƙirgawa. Wanda ke aikin dare ko mai jego da ba ta da mai riƙe mata jariri ai ba su zuwa, ka ga tun daga nan an tace jama'ar. Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa. Aka je New Hampshire ranar 11 ga wata ya zo na biyar, Sanders ya ci. Nevada ma Sanders ya lashe, Biden na biyu can nesa. Masu sharhi da yawa har sun fara yi wa takarar tasa ta'aziyya.

Abin da aka yi sakaci da shi shi ne Iowa da New Hampshire kusan duk farar fata ne, alhali baƙar fata su ne ƙashin bayan jam'iyyar Democrat musamman a jihohin kudu, kuma su ba su riga sun yi magana ba. Sun san Biden, shekara takwas ya yi yana mataimakin Obama. Saura kwana uku zaɓen Carolina ta Kudu ɗan majalisa Jim Clyburn, dattijon da ake jin maganarsa sosai a jihar, ya fito ya ce shi Biden zai yi. Ranar 29 ga Fabrairu Biden ya samu kusan kashi 48, Sanders bai kai rabin haka ba. Washegari ɗaya daga cikin 'yan takarar, Pete Buttigieg, ya janye, kwana ɗaya bayan nan Amy Klobuchar ta bi sahu, duka suka ɗaga hannun Biden. Ranar 3 ga Maris, wato Babbar Talata da jihohi 14 suka yi zaɓe a tare, Biden ya kwashe 10 har da Texas da Massachusetts da Minnesota, wuraren da mako guda kafin nan ba wanda ya sa shi a lissafi. Binciken da aka yi kwana biyar kafin ranar ba ƙarya ya faɗa ba, mutanen ne suka tashi daga inda ya same su. Af, kuma ga masu cewa kuɗi ne komai, Michael Bloomberg ya zuba kusan dala biliyan ɗaya daga aljihunsa a talla da ma'aikata, abin da ya ci kawai shi ne yankin tsibirin Samoa na Amurka, washegari ya tattara ya janye.

Akwai kuma wani abu da ƙuri'ar jin ra'ayi ta ƙasa baki ɗaya ba ta nunawa, wato ba yawan ƙuri'a ake tarawa ba, daliget ake tarawa. Democrat suna raba daliget gwargwadon ƙuri'ar da ka samu matuƙar ka kai kashi 15. Republican kuwa a wasu jihohin wanda ya zo na ɗaya shi ke haɗiye komai. A 2016 mutum 17 suka fito neman tikitin Republican, Trump ya ci New Hampshire da kusan kashi 35, ya ci Carolina ta Kudu da kusan kashi ɗaya cikin uku amma ya kwashe daliget 50 ɗin jihar kaf, a Florida ma ya ɗauke 99 gaba ɗaya. A farkon tafiyar waɗanda ba su zaɓe shi ba sun fi yawa, sai dai sun rarrabu tsakanin Ted Cruz da Marco Rubio da John Kasich da Jeb Bush, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya janye masa, kafin su farga ya yi nisa a hanyar 1,237 da ake buƙata. Abin da 'yan Democrat masu matsakaicin ra'ayi suka guje wa ke nan a 2020 da suka dunƙule da wuri.

Shi kansa wannan tsarin na sauraron talaka ba wani tsoho ba ne. A 1968 Hubert Humphrey ya samu tikitin Democrat ba tare da ya shiga firamare ko ɗaya ba, manyan jam'iyya ne suka ba shi a taron Chicago ana zanga-zanga a waje. Ɓacin ran da ya biyo baya ne ya sa aka gyara dokoki, daga 1972 ƙuri'ar jama'a ta zama ita ke ɗaure daliget.

To mu dawo gida. A firamaren 2022 ra'ayina da naka bai shiga akwati ba sam, daliget ne suka yi zaɓe, su ma 'yan ƙalilan, don sashe na 84 na dokar zaɓe ta shekarar ya bar masu riƙe da muƙamai da suka saba zama daliget kai tsaye a waje. PDP wajen mutum 800 ne, kusan ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC kuma uku-uku daga ƙananan hukumomi 774. Fam ɗin APC naira miliyan 100 ne, na PDP miliyan 40. Ranar 28 ga Mayu a taron PDP a Abuja, ana dab da fara jefa ƙuri'a Aminu Waziri Tambuwal ya koma kan mumbari ya ce ya janye wa Atiku Abubakar, sakamako ya fito Atiku 371, Nyesom Wike 237, Bukola Saraki 70. A taron APC a dandalin Eagle Square cikin watan Yuni haka aka kwana ana kallon 'yan takara suna hawa ɗaya bayan ɗaya suna janye wa Bola Tinubu, su Akpabio da Amosun da Fayemi da Badaru na Jigawa, ya tashi da 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Wanda ya bi Facebook da Twitter kawai a makonnin nan zai rantse Osinbajo ne zai ba da mamaki. Daliget kuwa gwamnansa yake kallo, shi ya kawo shi Abuja a mota, shi ya kama masa otal, ga kuma rahotannin rabon dala da jaridu suka yi ta bugawa har jami'an EFCC suka leƙa wuraren taron.

Duk da haka ba zan ce ra'ayin talaka banza ba ne, ta bayan gida yake shigowa. Su ma daliget da gwamnoni suna yin waccan tambaya ta biyu, wa zai iya ci mana zaɓe. A firamaren APC na Disambar 2014 a Legas abin da ya ba Muhammadu Buhari ƙuri'a 3,430 ke nan, Rabi'u Kwankwaso na da 974 Atiku 954, kowa ya san miliyoyin ƙuri'un da yake ɗaukowa daga arewa tun 2003. Sannan wanda ya ga yana da jama'a amma ba shi da daliget yakan canza sheƙa, Peter Obi ya bar PDP saura 'yan kwanaki firamare ya koma Labour ya samo ƙuri'a sama da miliyan 6 a 2023, Kwankwaso ya tafi NNPP ya ɗauke Kano.

Wasu za su ce to a koma ƙato-bayan-ƙato mana kowane ɗan jam'iyya ya zaɓa da kansa. Majalisa ta gwada tilasta hakan, Buhari ya ƙi sa hannu a Disambar 2021 yana kawo dalilin kuɗi da tsaro da 'yancin jam'iyyu, aka mayar da kudurin ya zama jam'iyya ta zaɓi ɗaya cikin uku, ƙato-bayan-ƙato ko daliget ko maslaha, sannan ya sa hannu a Fabrairun 2022. Ni ina goyon bayan a bar 'yan jam'iyya su yi zaɓe da kansu, amma sai an fara gyara rajistar mambobi tukuna, don a Amurka hukumomin jiha ne ke riƙe da rajistar masu zaɓe kuma su ke gudanar da yawancin firamaren, mu kuwa littafin yana hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓa, wanda ke riƙe da su shi ke faɗin mutum nawa suka tsaya a layi.