In ci bashi in sayo injin dukan walda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wurin walda a Kwangila, Zariya, kuma yawancin aikina gyaran shasin tirela ne. Sai mu yi walda, bayan 'yan watanni ta sake tsagewa ta gefe. An ba ni labarin wani inji mai dukan walda da karkarwa, wai yana hana haka. In ci bashin banki in sayo shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Injin dai ba ƙarya ba ne. Wani injiniya, Efim Statnikov, ya ƙirƙiro dabarar a Tarayyar Sobiyet cikin shekarun 1970, kuma a 2016 Cibiyar Walda ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin aiki da ita.

Ka fi ni sanin cewa walda idan ta huce takan takure. Wannan takurewar ke barin ƙarfe a ɗaure tamau a bakin waldar, kowane rami da tirela ta faɗa kuwa ƙara jan wurin yake har ya tsage. Injin yana karkarwa sau 20,000 ko fiye a daƙiƙa, alluransa su daddoki bakin waldar, su bar ɗan kwari da zurfinsa bai kai milimita 1 ba. Sai ƙarfen wurin ya koma a matse, tsaga ta rasa ta inda za ta buɗe.

Amma bashi? A'a, ba yanzu ba. Da dala ake sayensa, allurai da kayan gyaransa ma daga waje, ga ruwan banki. Babbar matsalar kuma ita ce aiki ne da ido ba ya gani. Direban da ke sauri ya kama hanyar Kano ba zai ƙara maka ko sisi ba saboda tsagar da ba ta faru ba tukuna. Sannan injin ba ya ceton waldar da ba ta ci ciki ba, kuma lodin da ya wuce kima, irin namu na nan, yana rage amfaninsa.

Fara da abin da ke kusa: gyara bakin walda da giranda, ka bi shi da gudumar iska ta kwamfuresa. Ita ma tana matse ƙarfen, ko da ba ta kai wancan tsafta ba. Ka yanka wa wannan aiki kuɗinsa daban, ka ba da garantin watanni. Kada ka tsaya kan direbobi, je wurin masu motoci da yawa, su ne ke lissafin asarar kwanan mota a gareji. In biyu ko uku sun sa hannu a yarjejeniya, ka dawo mu yi lissafin injin.