Waƙoƙin da ke cikin kundayen matan Sikotlan: nasu ne ko kwafi?

Wa alaikumus salam. Malama, kin tambaya ko duk waƙar da aka tarar da rubutun hannun wata mace daga manyan gidajen Sikotlan ita ce ta tsara ta. A'a, kuma a nan masu fara wannan bincike suka fi zamewa.

Lokacin da nake karatu a Edinbura na sha zama da irin waɗannan kundaye a babban ɗakin karatu na ƙasar. A kan matashi ake ɗora miki littafin, fensir kaɗai za ki riƙe, biro kuwa ko kusa. Ki buɗe ki ga waƙar soyayya, shafi na gaba maganin tari, sai lissafin kuɗin kyandir, sai wani yanki na wa'azin fasto. Wani kundin ma sai kin juya shi ƙasa-sama kin faro daga baya, don mai shi ta bar gaba ga addu'o'i, baya ga waƙa. Galibin abin da ke ciki kwafi ne. Ta ji a bakin ƙawa, ko ta ari littafi ta kwafe kafin ta mayar, kuma sau da yawa ba ta damu da sa sunan mai waƙar ba, tunda mutanen gidan sun san ta wane ce.

Dubi kundin gidan Maitland na 1586 da ke ajiye a Kambirij, a Ingila. Sunan Marie Maitland na rubuce a farkonsa, amma da yawa daga waƙoƙin na mahaifinta ne, Sir Richard Maitland, wanda ya makance a ƙarshen rayuwarsa. Wasu masana na ganin akwai nata cikin marasa suna, har yau dai ana ja-in-ja.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne wadda ta iya waƙar ma ɓoyewa take yi, don a wancan zamani zubar da girma ne 'yar babban gida ta fito da sunanta a littafin sayarwa. Lady Anne Lindsay ta tsara waƙarta da ta yi fice tun wajen 1772, ba ta amsa cewa tata ce ba sai a 1823, cikin wasiƙa ga marubuci Walter Scott. Lady Nairne kuwa da sunan bogi, Mrs Bogan of Bogan, take aikawa da nata. Ta rasu a 1845, sai a 1846 aka buga su da sunanta.

To ta yaya za ki bambance? Ni tsaftar shafi nake fara dubawa. Kwafi yakan fito tas, layi a miƙe, ba kuskure sai na tsallake baiti. Mai tsarawa kuwa sai ta soke kalma, ta ɗora wata a sama, ta sake sokewa, ta bar gurbi tana jiran amsa-amo. 'Yar Lady Grisell Baillie ta ce littafin waƙoƙin da uwarta ta rubuta lokacin gudun hijira a Holan cike yake da waɗanda aka bari rabi, wasu a tsakiyar jimla suka tsaya. Ba mamaki, uwar ce ke ɗawainiyar gidan mahaifinta a lokacin. Wannan a wurina ya fi sa hannu ƙarfin hujja, kodayake shi ma ba yankan shakku ba ne.

Kada kuma ki ɗauka hannu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kundi kan bi gado daga uwa zuwa 'ya har jika. Ki nemo wasiƙun matar a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, nan Edinbura, ki gwada rubutun harafi da harafi. Wajen nema ki sa sunan gidan ubanta da na mijinta duka, domin matan Sikotlan na wancan lokaci sukan ci gaba da sa hannu da sunan gidansu bayan aure.