Tambaya da Amsa: Wane fili ne ke tona asirin direban NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka?

Tambaya, daga wani makaniki a Gusau: Gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a garejinmu. Wasu sun ce manyan filayen Daytona da Talladega su ne tsere, tunda can ake zuba gudu. Ni kuma ina ganin ƙananan filaye sun fi wuya. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Malam, muna bayanka, amma ga dalili. Zagayen Daytona kilomita 4 ne, na Talladega ya ɗan ɗara, kuma kwanoninsu a jirkice suke, digiri 31 da 33. A 1987 Bill Elliott ya haura kilomita 340 a awa a gwajin neman gurbi a Talladega, a tseren kansa kuma motar Bobby Allison ta tashi sama ta yage shingen da ke gaban 'yan kallo. Daga 1988 aka riƙa toshe wa injin iska a filayen biyu don rage masa ƙarfi. Sakamakon haka direba na iya zagayawa ƙafarsa a kan totur har ƙasa, kuma ba mai iya tsere wa ɗan'uwansa. Sai motoci kusan arba'in su dunƙule, bamba na taɓa bamba.

Duk mai babur da ya taɓa bin bayan tirela a hanyar Funtuwa ya san yadda iska ke sake shi. Da wannan ake cin abinci a can: ta gaba na yanka iska, ta baya na tura ta. Akwai gwaninta a ciki, ba mu musa ba. Idan ka daɗe manne da ta gaba, lagireto ba ya samun iska, ruwa ya ɗau zafi, dole ka ɗan leƙo gefe. Idan kuma ka tura mutum a tsakiyar kwana, ko bambarka ba ta daidaita da tasa ba, sai bayansa ya juya, mota goma ko ashirin su tafi tare. Wanda bai yi laifin komai ba shi ma ya kwashi rabonsa. Shi ya sa ƙaramar tawaga ke iya cin Talladega, gwani kuma ya koma gida a kan janwe.

Ƙaramin filin Martinsville fa? Zagayensa bai kai mita 850 ba, kwanonin kusan a shimfiɗe. Tseren da ake yi a can wajen ƙarshen shekara zagaye 500 ne, kowane zagaye birki biyu mai ƙarfi, ka lissafa. Mai cika taka birki faifansa yana yin jajawur, zafin ya ratsa rim ya cinye bakin tayar gaba ta dama, ta fashe. Mai gaggawar ba da wuta a fitar kwana kuma yana ƙone tayoyin baya, bayan zagaye hamsin sai ka ga ana wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Nan ba mai tura ka. Wanda ya ci ma agogon tsaye na katako ake ba shi, kuma direbobi na ji da shi ƙwarai.

Tambaya, daga wata malamar makaranta a Argungu: Don me ake tsayar da tsere ana tsakiyar yi? Kuma yaya wanda ya fi kowa cin tsere zai rasa kambun shekara?

Amsa: Malama, tun 2017 ake raba tsere kashi uku (na mil 600 a Charlotte kashi huɗu). A ƙarshen kashin farko da na biyu ana ɗaga tuta, goman farko su sami maki, daga 10 zuwa 1. An yi haka ne don kada direbobi su yi ta lallaɓa mota sai ƙarshe. Illarsa ita ce kowa ya san lokacin da za a tsaya, dabarar tanadin mai da taya ta ragu, wanda ya ba da tazara mai nisa kuma a dawo masa da abokan hamayya ƙugunsa.

Batun kambu ya samo asali daga 2003, lokacin da Matt Kenseth ya lashe shi da nasara ɗaya tak. A 2004 aka ware tsere goma na ƙarshe don fitar da zakara, a 2014 kuma aka kawo zubarwa, wadda aka bi har 2025: direbobi 16, bayan kowane tsere uku a sallami huɗu, huɗun da suka rage su kara a rana ɗaya. Kevin Harvick ya ci tsere tara a 2020, amma ko cikin huɗun bai shiga ba, Chase Elliott ya ɗauka. A ganinmu masu ƙorafi kan wancan tsari sun fi hujja, don a ƙarƙashinsa noti ɗaya da bai ɗauru ba ya isa ya rushe aikin wata tara.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Birnin Kebbi: Wa ya fi gwaninta, Petty, Earnhardt ko Johnson?

Amsa: Ƙanenmu, kowannensu kambu bakwai gare shi. Richard Petty ya ci tsere 200, 27 daga ciki a 1967 kaɗai, sai dai a shekarun 1960 akan yi tsere fiye da 36 na yanzu a shekara. Dale Earnhardt ya rasu a zagayen ƙarshe na Daytona 500 a 2001, kuma a shekarar aka wajabta abin da ke riƙe kai da wuyan direba. Mu dai Jimmie Johnson muka ɗauka: biyar a jere daga 2006 zuwa 2010, na bakwai kuma a 2016 ƙarƙashin tsarin zubarwa.