Amsa ga ƙanena mai son farautar elk da baka a Kolorado

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta saƙonka inda ka ce ka samu gurbin karatu a wata jami'a a jihar Kolorado, za ka iso a watan Agusta, kuma da yake ka tashi a gidan maharba kana son ka shiga dajin gwamnati farautar elk, wata babbar dabbar daji mai kama da barewa, da baka a Satumbar da ke biye, kai kaɗai, ba tare da ka biya ɗan jagora ba. Ka tambaya ko doka ta yarda baƙo ya yi hakan, da kuma abin da ya kamata ka tanada. Doka ta yarda, amma shawarata ita ce ka cire Satumbar farko daga lissafinka, ka sa ido a kan ta shekara ta biyu, domin wannan farauta shirinta ya fi ranar fitarta nauyi.

Dajin kansa ba shi ne matsala ba. Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da eka kimanin miliyan 640, mafi yawanta a jihohin yamma, kuma ana farauta a babban ɓangarenta ba tare da neman izinin wani mai gona ba. Kolorado ce jihar da ta fi kowace yawan elk, kusan 300,000, kuma gandun White River, mai faɗin eka miliyan 2.3, yana cikin wuraren da suka fi shahara da su. Sai dai filayen gwamnati a cakuɗe suke da na masu kiwo, kuma dokar jihar ba ta tilasta wa mai fili ya kafa alama ba, saboda haka idan ka taka gonar wani da baka a hannu laifin naka ne, ko da ba ka ga shinge ba. Ka sa manhajar taswira irin onX Hunt a wayarka, ka sauke taswirar tun kana gari domin babu sabis a cikin duwatsu, ka kuma riƙe ta takarda saboda batir yana mutuwa da wuri a cikin sanyi.

Abin da ya fi sa na ce ka jinkirta shi ne lasisi. Hukumar kula da namun daji ta jihar, wato Colorado Parks and Wildlife, ta raba jihar zuwa shiyyoyi masu lamba, kuma lokacin farautar elk da baka yana farawa ne ranar 2 ga Satumba ya ƙare ranar 30. A da baƙo yana iya shiga kanti ya sayi lasisin baka kai tsaye, amma daga 2025 an rufe wannan ƙofa ga waɗanda ba mazauna jihar ba a yammacin babbar hanyar I-25, inda mafi yawan duwatsun suke, sai dai su shiga ƙuri'ar da ake rufe karɓar takardunta a farkon Afrilu. Kuɗin baƙo ya haura dala 800, na mazaunin jiha kuwa bai kai dala 100 ba. Ɗalibin da ya yi wata 6 yana cikakken karatu a wata makarantar gaba da sakandare ta jihar ana lissafa shi cikin mazauna, wato kai da za ka fara a Agusta za ka cika sharaɗin a wajen Fabrairu. Kafin nan sai ka yi kwas ɗin ilimin farauta, wanda ya wajaba a kan duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949, ka kuma karanta ɗan littafin dokokin da hukumar ke fitarwa kowace shekara, domin sharuɗɗan suna sauyawa.

Zaɓinka na baka ya dace da matsayinka. Dokar tarayya ta hana mai bizar karatu riƙe bindiga sai da wasu togaciya, ciki har da mallakar lasisin farauta, alhali baka ba ta cikin wannan hani, ko da yake ɗakunan kwanan jami'a galibi ba sa yarda a ajiye makami kowane iri. Jihar ta sharɗanta baka mai ƙarfin ja na fam 35 (nauyin kusan kilo 16) zuwa sama, da kibiya mai kaifin ƙarfe. Dafi kuwa haramun ne a dokarsu, saboda haka abin da kwankwani yake yi wa maharbinmu na gida, wanda kibiyarsa ko a cinya ta samu dabba za ta faɗi, a nan daidaiton hannu ne kaɗai zai yi maka shi. Namijin elk ya fi gwanki girma, yana kai kilo 320, kuma dole kibiya ta ratsa huhu biyu ta bayan karfata. Ka samu filin koyon harbi, ka yi watanni kana jan tsirkiya a tsaye da a durƙushe, ka san iyakar tazarar da ba ka kuskure, ka kuma yi wa kanka alkawarin ba za ka wuce ta ba komai kyan dabbar. Ni ban yarda sabon hannu ya harba fiye da mita 30 ba.

Sannan akwai dutsen. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos tana wajen 1,200, su kuwa elk a farkon Satumba suna zama ne tsakanin mita 2,500 da 3,500, inda saurayi mai ƙarfi yake haki bayan 'yar tafiya kaɗan, kai ya yi ciwo, barci ya gagara. Rana tana iya yin zafi da azahar, daren ranar kuma ƙanƙara ta sauka. Shekarar farko ka yi ta wajen hawan duwatsu da jaka mai nauyi a baya, ka saba da takalminka, ka zaɓi shiyya ɗaya ka san maɓuɓɓuganta da gangaren da ke fuskantar arewa, inda itatuwa suka yi duhu kuma dabbobin suke kwanciya da rana. Ka zaɓi wurare uku ko huɗu a cikin shiyyar, domin za ka iya isowa ka tarar motoci sun cika bakin hanyar da ka yi niyya.

A cikin daji iska ce shugaba. Elk yana iya jin motsi ya yi haƙuri, amma da ya shaƙi warin mutum garken duka ya tafi. Da asuba iska mai sanyi tana gangarowa ƙasa, idan rana ta dumama dutse sai ta juya sama, saboda haka da safe ake tunkarar su daga ƙasa. Maharba suna riƙe wata 'yar kwalbar roba mai farin gari, suna matsa ta kowane ɗan lokaci su ga inda ƙurar ta nufa, kuma idan ta karkata wajen dabbar sai a ja da baya a zagaya, ko da zagayen zai ci awa guda. Satumba lokacin barbararsu ne, namiji yana yin wani kuka da ke farawa da gurnani ya haura zuwa fito mai tsini, ana jin sa daga wancan gefen kwari. Ana kwaikwayon wannan kuka da na mace da wata 'yar fatar roba da ake sawa a baki, amma a dajin gwamnati dabbobin sun sha jin kiran mutane, yawan busawa korar su yake yi. Duk da wannan wahala, kimanin mutum ɗaya cikin goma ne yake dawowa da nama.

Idan Allah ya ba ka, a nan aikin yake farawa, kuma a nan ne ban yarda da kalmarka ta fita kai kaɗai ba. Rashin ɗan jagora daban, rashin aboki daban. Namiji ɗaya yana ba da tsoka kusan kilo 100, kuma a dazuzzuka irin Flat Tops, da doka ta keɓe, ba a shiga da mota ko keke, a baya ake fito da komai. Dole ka feɗe shi a inda ya faɗi, sau da yawa da fitilar goshi, ka cire cinyoyi da karfata da naman gadon baya, ka zuba su a buhunan yadi, ka rataye a inuwa su sha iska nesa da tantinka saboda beyar, sannan ka yi ta sawu zuwa mota kafin zafi ya lalata su. Barin nama ya ruɓe babban laifi ne a dokarsu. Saboda haka ka auna nisan shigarka da nisan da za ku iya ɗauko naman, ka kuma bincika ko shiyyarka tana da cutar ƙwaƙwalwar da suke kira CWD, wadda ake kai kan dabbar a gwada saboda ita.

Akwai kuma abin da abokan farautarka na nan ba za su tuna maka ba. Ka yi bisimilla lokacin sakin kibiya, idan ka riski dabbar da sauran rai ka yanka ta. Al'adarsu ita ce idan kibiya ta samu tumbi da yamma sai a bar dabbar ta kwana, a bi sawun jini da safe, domin bin ta da wuri yana sa ta tashi ta ɓace. A Risala kuwa an sharɗanta kada abin da aka harba ya kwana bai zo hannu ba, ko da yake an kawo ƙaulin da ya halatta shi idan an samu kibiyar a makasa. Ka zauna da malaminka a kan wannan mas'ala tun kafin ka taso, kuma idan haske ya fara ja da yamma ka bar harbin da ba ka da tabbacin zai ratsa huhu, ka dawo wurin da asuba.