Tambaya da Amsa: In sare sauran itatuwan in bar gawo kaɗai?

Tambaya: Salam Malam, ina gaisuwa daga Mora a arewacin Kamaru. Gona ce muka gada, akwai gawo, tsamiya, aduwa, magarya, ga kalgo da sabara ko'ina. An ce min gawo ne kawai ke gyara ƙasa, sauran cin wuri suke yi. In sare su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata. Ka ajiye gatarin nan tukuna.

Wanda ya yaba maka gawo bai yi ƙarya ba, shi ne itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar wa dawa rana, da rani kuma ya yi kore shar ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kwanta a gindinsa su zuba maka taki kyauta, saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa tun shekarun 1990 Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, ta riƙa ƙarfafa manoman auduga su bar ƙananan gawo su girma.

Amma fa gawo ba ya ba ka tsamiyar kunun azumi, ba ya ba yara magarya su kai kasuwa. Kuma gona hawa-hawa take so. Dogaye a sama suna karya iska, matsakaita irin aduwa da magarya a tsakiya, sai kalgo da sabara a ƙasa, waɗannan da ka raina ɗin su ne ke tare ƙurar hunturu da ganye, ka tona gindin sabara da hannu ka ga yadda ƙasar take baƙa da laushi.

Su sassabe za ka musu, ba tumɓukewa ba. Kowane kututture ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran. Haka mutanen Maradi suka fara wajen 1983, yau ana maganar hekta miliyan 5 a Nijar.

Tsamiya kam inuwarta na da nauyi, dawa ba ta yi a ƙarƙashinta, sai ka rage mata rassan ƙasa. In kana da karal, wato ƙasar laka da ake dasa masakwa (dawar rani), wannan daban, tsuntsayen jan baki na sauka kan itace, gara a bar itatuwan a bakin iyaka. Kafin ka taɓa babban itace kuma ka leƙa wajen ma'aikatan gandun daji, kar tara ta hau kanka.